Shin Ya Halatta Marubuci Ya Yi Kacici-Kacici Da Gawa?

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da ya daɗe yana raba kan masu karatu, wato labarin da ake buɗewa da gawa, a ɓoye wanda ya yi kisan, sa'annan a ɗauki mai karatu a bi sawu da shi har a kai ga mai laifi a shafin ƙarshe. Marubuciyar nan ta Ingila, Agatha Christie, ita ce uwar ɗakin wannan fanni, kuma ko da yake ta rasu tun 1976, har yanzu ana bin hanyarta. A 2016 Anthony Horowitz ya fito da Magpie Murders, wanda ya gina da gangan a kan salonta: littafi ne a cikin littafi, an kashe mutum a labarin ciki, babin ƙarshe ya ɓata, shi kansa marubucin labarin ya mutu. Da muka ba wasu abokan karatunmu a nan Gyaɗi-Gyaɗi, da kuma wasu manyan ɗalibanmu masu jin Turanci, sai suka dawo mana da ƙorafi iri biyu, kuma su ne dai ƙorafe-ƙorafen da za su tarbi duk ɗan'uwa marubucin Hausa da ya gwada wannan hanya.

Na farko mai sauƙi ne. Wasu suka ce an yaudare su, marubuci ya nuna masu gabas alhali gaskiya tana yamma. Wannan kuka tsoho ne. Tun a 1926, sa'ad da Christie ta buga The Murder of Roger Ackroyd, wasu masu karatu suka ce ta ci amanarsu, domin likitan da ke ba da labarin da bakinsa shi ne mai kisan (a gafarce mu da tona wannan asiri, littafin ya kai shekara ɗari). A 1929 wani limamin Kirista mai suna Ronald Knox ya tsara wa marubuta ƙa'idoji goma, daga ciki har da cewa tilas mai laifin ya kasance an ambace shi tun da wuri, kuma ba a yarda a warware matsala da ikon gaibu ba. Mu a ganinmu magana a nan ta amana ce. Ya halatta ka karkatar da hankalin mai karatu, amma bai halatta ka ɓoye masa shaidar da mai bincikenka ya gani ba. Wanda ya kai shafi na ɗari biyu sannan ya jawo boka, ko mafarki, ko wani ɗan'uwa da ba a taɓa jin sunansa ba, ya ce ga mai kisan, to ya ci kuɗin mai saye a banza. Kuma mun san ana yin haka a littattafanmu.

Ƙorafi na biyu shi ne mai nauyi, kuma daga bakin dattawa muka fi jin sa. Suka ce yaya za a yi a mai da ran ɗan Adam abin wasan ƙwaƙwalwa? A irin waɗannan littattafai za ka ga an tsinci gawa a ɗakin karatu, babu mai kuka, ana shan shayi ana lissafin mintoci. Mu kuwa a nan mutuwa tana da hakkinta: a yi wanka, a yi sutura, a kai mutum makwancinsa kafin rana ta faɗi, a zauna karɓar gaisuwa kwana uku. Wanda aka kashe wa ɗa sau da yawa cewa yake ya bar wa Allah. Ga mutumin da ya tashi a haka, tone-tonen mai bincike yana kama da rashin tawakkali, nishaɗin mai karatu kuma yana kama da rashin imani. Wasu ma suka ƙara da cewa ana koya wa yara dabarun kisa ne, kuma duk wanda ya ga yadda aka ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007 da sunan gyaran tarbiyya ya san inda irin wannan zargi yake kaiwa.

Ba mu raina wannan magana ba. Amma mu tuna jini ba baƙo ba ne a adabinmu. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, tun shekarun 1930, labarin ɗaukar fansa ne da ya kai ɗa ga kashe ubansa. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, gawarwakin cikinsa sun fi na littattafan Christie biyar. Ba mu ji an ce su ne suka lalata kowa ba. Bambancin shi ne a waɗancan mun san mai kisa tun farko, muna jiran mu ga ƙarshensa ne kawai. Abin da labarin bincike ya zo da shi sabo shi ne rashin sani, da kuma tilasta wa mai karatu ya zauna da rashin saninsa har shaida ta cika.

To a nan ne muke ganin amfanin da masu suka ba su lura da shi ba. Ya kai mai karatu, duba abin da yake faruwa a zuciyarka sa'ad da kake karanta irin wannan littafi. Tun a babi na biyu ka riga ka kama mai laifi. Wane ne? Baƙon da ya sauka jiya, ko yaron gida, ko matar da ba ta yi kuka ba, ko wanda aka ji yana faɗa da mamacin. Marubucin kirki ya san za ka yi haka, shi ya sa ya ajiye maka su a hanya. Sa'annan sannu a hankali ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya bar ka da kunyar kanka. Wannan kunya ita ce ribar littafin. Bahaushe ya ce zato zunubi, amma faɗar karin magana daban, a kama ka kana aikata zunubin a cikin ɗakinka ba tare da an zub da jinin kowa ba daban. Kuma bin shaida ba al'adar Turawa ba ce kaɗai. Kowane ɗan makarantar allo ya san yadda aka wanke Annabi Yusuf da duba inda rigarsa ta yage, gaba ko baya.

Wannan darasi ba na nishaɗi ba ne a ƙasarmu. A watan Oktoba na 2012 gungun jama'a suka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a garin Aluu bisa zargin sata, kuma wannan ne ya zaburar da Femi Kayode ya rubuta Lightseekers a 2021, inda mai bincikensa yake neman dalilin da zai sa gari guda ya taru a kan kisa. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar dawowa Kano yin Sallah, domin an ga bindigogin farauta a motarsu an ce masu garkuwa da mutane ne. Waɗanda suka yi wannan aika-aika sun rufe littafi ne a babi na biyu. Ta ɗaya gefen kuma, mu malaman makaranta ba za mu manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a Kano a ƙarshen 2021 ba, wadda a ƙarshe aka gano mai makarantarsu ne ya kashe ta, Babbar Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Wa ya zarge shi da farko? Da an bar wa zato, da wani almajiri ko mai Adaidaita Sahu ne ya sha duka.

Sai dai ba za mu wanke fannin duka ba. Ita kanta Christie, a Murder on the Orient Express na 1934, ta sa mutum goma sha biyu sun haɗu sun kashe wani mugu da ya kuɓuce wa shari'a, mai bincikenta Poirot ya gano su sarai, ya kuma rufa masu asiri. Masu karatu sun yi ta tafi shekara da shekaru. Mu wannan tafi yana ba mu tsoro, domin kowane gungu da ya ɗauki gora da taya ya tabbata a ransa cewa mugu ne a gabansa. Wanda zai kwaikwayi tsofaffin nan ya zaɓi abin ɗauka.

Haka nan dattawanmu suna da gaskiya a rabin maganarsu. Wani mai sharhi a Amurka, Edmund Wilson, ya taɓa tambaya a 1945 ko wa ma ya damu da wanda ya kashe Roger Ackroyd. In mamacin ba kowa ba ne illa kujerar da aka ɗora labari a kai, tambayarsa tana kan hanya. Marubucin Hausa ba shi da uzurin yin haka. Ba wa mamacinka uwa da ke zaune a kan tabarma tana karɓar gaisuwa, ba shi bashin da bai biya ba a kasuwar Tarauni, ba shi ɗan da za a fitar daga makaranta saboda kuɗin zango. In mai karatu ya ji zafin rashinsa, binciken ya tashi daga wasa ya zama neman hakki.

Saura aikin ƙafa, wanda yawancinmu muke gudu. Ba a koyon yadda shaida take tsayawa daga fina-finan Indiya. Kotun majistare tana nan a Gyaɗi-Gyaɗi, zaman shari'a a buɗe yake ga kowa, kuma wuni biyu a kan benci ana jin yadda lauya ke juya mai ba da shaida zai gyara babi uku. Asibitin Malam Aminu Kano ma tafiyar ƙafa ce daga nan, kuma da wuya a rasa likitan da zai gaya wa marubuci abin da gawa take iya nunawa da abin da ba ta iyawa, musamman a garin da ake binne mamaci cikin 'yan sa'o'i.