Tsohon Laifi da Riƙon Amana

Ga wata tambaya da ta isa mu zauna mu yi tunani a kanta. Mutum ya yi laifi, an hukunta shi, ya biya tara, shekaru sun wuce. Ko ya kamata a sake ba shi amana?

Bari mu duba yadda gwamnatin Amurka take yi da wannan magana. A can, kafin a yardar wa soja ko ma'aikaci ya ga takardun asirin ƙasa, sai an bincika zamansa. Ƙa'idodin da aka soma aiki da su a shekara ta 2017 sun jera abubuwa 13 da za a duba. Wanda aka taɓa kama shi yana tuƙin mota a buge, laifinsa ya taɓa biyu daga cikinsu, watau shan giya da karya doka.

Amma ba a rufe masa ƙofa nan da nan. Akan auna mutumin dukansa. Yaushe abin ya faru? Sau ɗaya ne, ko ya zama hali? Ya yarda da laifinsa? Ya bar giyar, ko ya rage? In an aike shi wurin magani, ya gama? Wanda ya yi tuntuɓe sau ɗaya tun yana saurayi, ya kuwa gyara, sau da yawa yakan sami izini. Wanda aka kama bara, aka sake kamawa bana, da wuya.

Waɗansu za su ce hukunci biyu ke nan a kan laifi ɗaya. Maganarsu tana da nauyi, gama aikin da mutum yake ciyad da iyalinsa da shi yana iya kuɓuce masa. Duk da haka mu ba mu ɗauke shi hukunci ba. Alƙali yana duban abin da ya wuce, mai ba da amana kuwa gobe yake dubawa. Giyar da ta kwance wa mutum hankali har ya sa rayukan mutane cikin haɗari a hanya, tana iya kwance masa harshe. A shekara ta 1988 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa wannan izini ba hakkin kowa ba ne, in kuwa da shakka, gara a hana.

Abin da ya fi ka da mutum shi ne ɓoyewa. Takardar SF-86, wadda aka daɗe ana cikawa domin wannan bincike, ta tambayi ko an taɓa tuhumar mutum da laifin da ya shafi giya, kome daɗewa. Ƙarya a kanta tana iya kai shi kurkuku har shekara 5. Dalilin a fili yake. Mai ɓoye abu, maƙiyi yana iya riƙe shi da barazanar tonon asiri. Wanda ya faɗa da bakinsa ya tsinke wannan igiya.

Mu ma mukan gamu da tambayan nan ran da za a zaɓi ma'ajin ikkilisiya. Waɗansunmu sukan ce hali zanen dutse ne, su ƙi ɗan'uwa har abada. Waɗansu kuwa sukan ce an gafarta masa, a miƙa masa mabuɗi yau. Dukansu biyu sun yi gaggawa. Gafara bashi ce a kanmu tun ran da ya tuba, amma amana sai a hankali take komowa. Mu bar shi ya faɗi labarinsa da kansa, mu ƙidaya shekarun da ya tsaya, mu fara ba shi ƙaramin aiki. In ya riƙe, kada mu ƙara ambaton tsohon laifin.