Tsoron Mai Riƙe da Bindiga

Tun da aka fara kafa hukuma a duniya mutane su ke ba waɗansu daga cikinsu sanda, su hana sauran. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne, gama in kowa zai rama da hannunsa, mai ƙarfi ne kaɗai zai kwana lafiya. Saboda haka talakawa suka yarda su biya haraji a ɗauki ɗan sanda, a ɗinka masa riga, a yanka masa albashi, a waɗansu ƙasashe har a rataya masa bindiga, domin ya tsare rayukansu da dukiyarsu. To, amma akwai wata tambaya mai wuya da wannan shiri ya haifar. Idan ɗan sandan nan ya tsai da mai mota a kan hanya saboda wani ɗan laifi, sa'an nan ya harbe shi, da aka tuhume shi ya ce tsoro ya ji, shin wannan magana ta isa ta wanke shi?

Babu ƙasar da aka fi jan wannan magana kamar Amurka, kuma labarin wani mutum mai suna Philando Castile ya isa misali. Shi baƙar fata ne mai shekara 32, aikinsa kula da ɗakin abincin yara a wata makaranta. Ran 6 ga watan Yuli, 2016, da almuru, yana tuƙi a wani ɗan gari kusa da birnin Saint Paul a Jihar Minesota, budurwarsa na gefensa, 'yarta mai shekara 4 tana zaune a baya, sai wani ɗan sanda mai suna Jeronimo Yanez ya tsai da shi. Ya ce masa fitilar birkinsa ta mutu, ya nemi lasin da takardar inshora. Castile ya miƙa takardar inshora, kana ya gaya masa cikin ladabi cewa akwai bindiga tare da shi. Yana kuwa da izinin riƙe ta bisa dokar jihar. Ɗan sandan ya ce kada ya zaro ta, shi kuma ya ce ba zaro ta ya ke yi ba. Kafin a ce haka an sakar masa harsashi 7, guda 5 suka same shi. Daga tsayawar mota zuwa harbi ba a cika minti 2 ba. Matar nan ta kunna wayarta, ta nuna wa duniya ta Facebook yadda ya ke zubar da jini a gefenta.

An kai Yanez gaban shari'a. A can al'adarsu ita ce a zaɓo mutum 12 daga cikin jama'ar gari su saurari shaida, su faɗi ko wanda a ke tuhuma ya yi laifi ko bai yi ba. Yanez ya ce ya ga kamar hannun mutumin ya kai kan bindiga, ya tabbata a ransa mutuwa zai yi. A watan Yuni, 2017, mutanen nan suka ce ba shi da laifi. Ya bar aikin ɗan sanda, amma bai yi ko kwana ɗaya na ɗauri a kan ran da ya ɗauka ba.

Adalci ne a fara da sauraron ɗan sanda, domin ba a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Aikinsa yana da hatsari na gaskiya. Amurka ƙasa ce mai yawan bindigogi a hannun talakawa, kuma an sha harbe 'yan sanda a bakin tagar mota. Wanda ya nufi motar da bai san ko wane ne a ciki ba, cikin duhu, ba shi da lokacin yin shawara da kowa. Kotun Ƙoli ta Amurka ta lura da wannan a shekarar 1989, a shari'ar Graham da Connor, inda ta yanke cewa za a auna ƙarfin da ɗan sanda ya gwada wa mutum da abin da ɗan sanda mai hankali zai yi in da shi ne a wurin a wannan lokaci, ba da abin da aka gano daga baya ba. Wannan ma'auni yana da kan gado. Mai zaune a inuwa yana duba takarda bai kamata ya manta ba cewa wanda a ke yi wa shari'a a tsaye ya ke cikin rana, ransa a hannunsa.

Amma fa mutum biyu ne ke bakin hanyar nan, kuma dukansu biyu suna jin tsoro. Ɗaya an koyar da shi watanni, an nuna masa yadda zai tsaya, da yadda zai yi magana, da lokacin da zai ja da baya ya nemi taimako, ana kuwa biyansa a kan haka kowane wata. Ɗayan ba wanda ya taɓa koya masa kome. An ce ya fito da lasin, lasin kuwa yana cikin aljihu, an kuma ce kada ya kai hannu wajen aljihu. Idan shari'a ta ce lalle marar horo ya natsu sarai alhali bakin bindiga na kallonsa, in ya kuskure ya biya da ransa, sa'an nan ta ce mai horo in ya firgita babu kome a kansa, to, ta ɗora kaya mafi nauyi a kan wanda ya fi rauni. Mai dokar barci ke nan ya ɓige da gyangyaɗi.

Alal misali, a ɗauki direban babbar mota wanda tayarsa ta fashe a gangare, ya ruɗe ya saki sitiyari, motar ta faɗa cikin kasuwa. Ba wanda zai yi musun cewa ya ji tsoro. Duk da haka alƙali zai tambaya ko direba mai kula zai yi abin da ya yi, gama lasin da ke hannunsa shaida ce cewa an jarraba shi, an amince zai iya riƙe kansa sa'ad da abu ya ɓaci. Rigar ɗan sanda ita ma irin wannan shaida ce. Ba a hana shi jin tsoro ba, don shi ma ɗan Adam ne, amma ran da ya karɓi bindigar hukuma ya ɗauki alkawarin ba zai bar tsoronsa ya riƙa ja masa kunama ba.

Har wa yau ya kamata a tambayi inda tsoron ya fito. Akwai tsoron da ke zuwa daga abin da ido ya gani, kamar makami a zare. Akwai kuma wanda mutum ya taho da shi tun daga gida, watau zaton da ya ke yi wa wani jinsin mutane. Kafin Yanez ya tsai da Castile, ya gaya wa wani abokin aikinsa ta rediyo cewa direban ya yi kama da wani ɗan fashi da a ke nema, abin da ya kafa hujja da shi kuwa har da faɗin hancinsa. Bayan rasuwar Castile aka bincika takardun kotu, aka iske 'yan sanda sun tsai da shi fiye da sau 40 cikin shekarun da ya yi yana tuƙi, yawanci a kan ƙananan laifuffuka. Idan shari'a ta karɓi tsoro iri na biyu kamar yadda ta ke karɓar na farko, to, wanda aka fi yi wa mugun zato shi zai fi kowa arhar jini.

Wata wahala kuma ita ce matacce ba ya ba da shaida. Wanda zai ƙaryata ɗan sanda yana kabari, sai a bar maganar mutum guda tilo. Ran 4 ga watan Afrilu, 2015, a Jihar Karolina ta Kudu, wani ɗan sanda mai suna Michael Slager ya tsai da Walter Scott, mai shekara 50, shi ma saboda fitilar birki. Scott ya fita da gudu, aka yi 'yar kokawa, aka harbe shi. Slager ya ce mutumin ya ƙwace masa Taser, watau na'urar lantarki mai sandarar da jiki, don haka ya ji tsoron ransa. Ashe wani mai wucewa ya ɗauki hoton abin da wayarsa. Da aka duba sai ga Scott ya juya baya yana gudu, ɗan sandan ya tsaya ya saki harsashi 8. Alhali tun 1985 Kotun Ƙoli ta hana harbin mai gudu, sai in barinsa zai jawo babban hatsari ga rayukan mutane. Gani ya kori ji, amma ko da hoton nan mutum 12 na shari'ar farko sun kasa haɗa baki. Sai a 2017 Slager ya amsa laifi a kotun tarayya, aka ɗaure shi shekara 20. Mai karatu ya auna da kansa abin da zai faru da a ce mai wayar nan ya bi wata hanya a ran nan.

Irin wannan ya taɓa faruwa a Nijeriya. A watan Yuni, 2005, 'yan sanda a Abuja suka kashe samari 5 'yan kasuwar Apo da wata budurwa, bayan sun tare motarsu da dare, suka ce 'yan fashi ne. Sai da Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar bincike kana maganar ta warware. Hukunci kuwa bai fito ba sai a watan Maris, 2017, sa'ad da babbar kotu ta yanke wa 'yan sanda 2 hukuncin kisa, ta sallami 3. Iyayen mamatan sun yi jiran kusan shekara 12.

Kada a ɗauka ana nufin duk ɗan sandan da ya kashe mutum a yi masa hukunci ɗaya. Shari'a ta san kisan ganganci, ta san na sakaci, ta kuma san na kare kai, kowane da matsayinsa. A watan Afrilu, 2021, a Minesota ɗin nan dai, wata 'yar sanda mai suna Kim Potter, wadda ta shekara 26 a bakin aiki, ta zaro bindiga tana zaton Taser ce, ta harbe wani saurayi mai shekara 20, Daunte Wright, wanda aka tsayar saboda takardar motarsa ta ƙare. An yarda ba ta yi niyyar kisa ba, amma an same ta da laifin kisan sakaci, aka yanke mata shekara 2. Mutane da yawa sun ce hukuncin ya yi sauƙi. Ko da haka ne, kotu ta tabbatar da abu guda, watau kuskuren mai riƙe da makamin hukuma yana da mai shi, kuma akwai inda za a tambaye shi.

Sau da yawa abin da a kan yi a maimakon hukunci shi ne biyan diyya. An ba mahaifiyar Castile kusan dala miliyan 3, an ba dangin Scott dala miliyan 6 da rabi. Diyya tana da amfani, tana share wa marayu hawaye. Sai dai kuɗin nan daga baitulmalin gari ko inshorarsa ya ke fitowa, watau daga harajin talakawa, har da na dangin mamacin. Wanda bai biya daga aljihunsa ba, bai kuma sha ɗauri ba, da wuya abin ya zame wa na bayansa gargaɗi. Daga 2015 jaridar Washington Post ta yi shekaru tana ƙirga waɗanda 'yan sandan Amurka suka harbe har lahira, ta iske sun kai kimanin 1,000 a kowace shekara. Da yawansu suna riƙe da makami, ba kuma duka a kan hanya abin ya faru ba, amma 'yan sandan da aka gurfanar gaban alƙali 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Waɗansu su kan ce in ana kai 'yan sanda kotu za su karaya, su bar mugaye su sake. Amma ɗan sanda na kirki shi ya fi kowa hasara in ba a hukunta na banza, domin riga ɗaya su ke sawa, mai mota kuwa ba shi da hanyar rarrabe su. Mutumin da ya ke zaton tsayawa na iya zama ajalinsa ya fi saurin gudu ko yin gardama, daga nan sai hatsarin ya komo kan ɗan sandan da bai ci ba bai sha ba.

Abin da ya dace a fili ya ke. Binciken kisa kada a bar shi a hannun abokan aikin wanda ya yi kisan. A ɗauki hoton kowace tsayarwa, a adana shi inda ba mai iya taɓawa. A kuma rage dalilan tsai da mutane, kamar yadda birnin Filadelfiya ya yi a 2022, sa'ad da ya hana 'yan sandansa tare mota saboda ƙananan abubuwa irin su mutuwar fitila guda. Sa'an nan in ɗan sanda ya zo gaban alƙali ya ce tsoro ya ji, a saurare shi da kyau, kana a ce ya nuna abin da ya gani wanda zai tsorata mutum mai horo irin nasa. In ya nuna, a sallame shi da mutuncinsa. In kuwa ya kasa, a yi masa hukuncin da za a yi wa kowane talaka da ya zubar da jini ba bisa haƙƙi ba.