"An Kore Su Ne?": Tsakanin Mai Tafiya Don Dole Da Mai Tafiya Don Nishaɗi

Wata ranar Juma'a bayan la'asar, mu na zaune a majalisar mu ta gindin darbejiya a Babura, sai ɗan yayata da ke karatu a Kazaure ya miƙo mani wayar sa, ya ce, "Kawu, kalli rayuwa." Wani ɗan gajeren fim ne na wasu Turawa, miji da mata, a Amurka. Sun mayar da motar su gida: ga gado a ciki, ga murhu, ga tankin ruwa. Sun faka ta a bakin wani tabki cikin gandun daji na ƙasa. Da safe su goya jaka su kama hawan dutse har rana ta take, da yamma kuma kowa ya ɗauko wani dogon allo ya ɗora kan ruwa, ya miƙe tsaye a kai, ya na tuƙawa da filafili guda ɗaya.

Wayar ta zagaya har ta kai hannun wani dattijo da mu ke kira Baba. Ya daɗe ya na kallo, sannan ya ɗago kai ya ce wa yaron, "Ɗana, waɗannan bayin Allah, an kore su ne daga garin su?"

Yaron ya ce, "A'a, Baba. Su na da gida, su na da aiki. Hutu su ka ɗauka."

Baba ya ce, "Hutu? To in hutu ne, me ya kai su hawan dutse da kaya a baya? Ni da ka ke gani, da ƙafa na taka daga nan har Kano zuwa cirani. Wallahi da na samu mota a lokacin, da ban taka ba."

Aka fashe da dariya, har da ni. Amma da na koma gida sai tambayar ta ƙi barin kai na. Shin mutumin da ya bar katifar sa ya je ya sayi wahala da kuɗin sa, wauta ya ke yi, ko kuwa ya gano wani abu da mu ba mu gano ba? In kuma akwai alheri a ciki, wa ke biyan kuɗin alherin?

Bari mu fara da ba Baba gaskiyar sa. Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, to amma tafiyar sa ta na da dalili a gaba. Fatake sun bi hanyar Gwanja neman goro. Almajirai sun yi gabas neman karatu. Alhazan da sun keta Chadi da Sudan a ƙasa, wasu su shekara da shekaru a hanya, wasu ma su yi zaman su a can har yau jikokin su na nan. Mu nan Babura da ke bakin iyaka, duk rani mu na ganin 'yan cirani daga ƙasar Damagaram, mu na ganin makiyaya sun ɗora komatsan su kan jakuna da shanu sun nufi kudu. Idan ka lura, ai Bafulatanin da ke tashi da rugar sa ya riga waɗancan Turawan sanin gida mai tafiya. Shi ya sa a bakin mu kalmar "yawo" ba ta cika zuwa da yabo ba: yawon banza, yawon dandi, yawon duniya. Wanda ya fita ba tare da buƙata ba, mu kan ɗauka akwai abin da ke damun sa.

Haka abin ya ke a kan ruwa. Wancan allon da Baturen ke tsayawa a kai, wanda ya samo asali daga tsibiran Hawayi, bai fi goran masuntan mu wayo ba. Masunci a fadamar Haɗeja ko a Argungu ya kan kwanta ruf da ciki a kan ƙaton gora, ya na yawo a ruwa da homar sa. Bambancin kawai, shi abincin gidan sa ya ke nema. Kuma mun san abin da ruwa ke yi wa wanda ya shige shi don dole. A ƙarshen watan Nuwamban 2021, wani kwalekwale ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, sama da mutum 20 su ka rasu, yawancin su yara 'yan Islamiyya. An cika jirgin fiye da ƙima, don ba su da wata hanyar da ta fi ta sauƙi. Ga wanda ya san irin wannan rashi, ganin mutum ya na wasa a kan ruwa da rigar kariya a jikin sa ya na iya zama kamar izgili.

To, duk da haka, ina ganin hukuncin Baba bai cika ba. Dubi bambancin mai azumi da mai yunwa. Cikin su duka biyun babu komai, amma ɗaya ya san da magariba abinci na jiran sa, kuma shi ya ɗaura niyya da kan sa. Wannan zaɓin shi ke sa yunwar ɗaya ta zama tarbiyya, ta ɗayan kuma ta zama masifa. Babu mai hankalin da zai ce tunda akwai masu yunwa a duniya, mai abinci ya daina horar da cikin sa. Asali ma fatan da a ke yi shi ne azumin ya tuna masa da su. Mai hawan dutse don raɗin kan sa ma haka ne. Ya na tuna wa jikin sa abin da kujerar ofis da sanyin mota su ka mantar da shi: cewa ƙafa ta na gajiya, ruwan sha ya na da nauyi, rana kuma ba ta san mai muƙami ba.

Akwai kuma wani abu da ban lura da shi ba sai daga baya. Baba, wanda ya ce da ya samu mota da bai taka ba, shi kaɗai ne a majalisar mu zai iya bambanta marke da ƙirya daga nesa. Ya san lokacin da kanya ke nuna, ya san inda a ke samun ɗinya, ya san dalilin da ya sa manomi ba ya sare gawo a gonar sa: shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya kuma yi kore da rani dabbobi su samu inuwa da abinci. A ina ya koyi wannan? A hanya, da ƙafa. Dole ce ta koyar da shi. Ɗan yayata kuwa, da babur ke kai shi ko'ina, in ka cire darbejiya da kuka da mangwaro, sauran duk "bishiya" ne a wurin sa. Ka ga ke nan, da dolen ta kau, ilimin da ke tafe da ita ma ya kama hanyar kaucewa. Ba mai fatan a koma zamanin takawa zuwa Kano. Saboda haka hanya ɗaya da ta rage wa yaran mu su san ƙasar su ita ce su taka ta da gangan. Abin da Baba ya kira wauta, wataƙila shi ne kaɗai zai ceci abin da Baba ya sani.

Sai dai fa, mai karatu, kada mu yi saurin tafa wa Turawan can. Akwai abin da kyamarar su ba ta nuna ba. Wancan dajin da ka ke gani tsit, babu kowa sai tsuntsaye, da yawan irin sa ba haka a ka same su ba. Gandun Yalosuton, wanda Amurka ta kafa a 1872, shi a ke ɗauka a matsayin gandun ƙasa na farko a duniya. Kafin nan, ƙabilun Indiyawan daji, irin su Shoshoni, su na farauta su na zama a yankin. An kawar da su zuwa matsugunan da gwamnati ta keɓe masu, har ma soja ne su ka riƙe gandun daga 1886 zuwa 1918. A nan Afrika ma, a 1959 an fitar da makiyayan Masai daga Serengeti ta ƙasar Tanzaniya ta yau. Wato shirun da baƙo ke biyan kuɗi ya saurara, sau da yawa shirun mutanen da a ka tasa ne. Tambayar Baba ta dawo ke nan ta wata fuska. Waɗancan ma'auratan ba a kore su ba, amma mai yiwuwa an kori wasu kafin su samu wurin fakawa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye a Jigawa. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa guda 10 a kan 7 da a ke da su, kuma cikin su akwai fadamar Haɗeja, wato yankin Baturiya, da dajin Falgore na Kano. Baturiya wuri ne da tsuntsaye ke ketowa tun daga Turai su yi hunturu, kuma tun 2008 ya ke cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Amma wannan fadamar dai ita ce gonar wani, ita ce makiyayar wani, ita ce inda wata ke yanko kaba ta saƙa tabarma. Su ma mutanen sun riga sun sha wuya: madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ambaliya ke zuwa masu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. In a ka zo a ka ce wa masunci ya ɗauke goran sa domin baƙo ya ɗora allon sa, to an yi zalunci, ko da sunan kare muhalli a ka yi shi.

Wani zai ce, to a bar dazuzzukan mana yadda su ke, kowa ya shiga ya yi abin da ya ga dama. Wannan ma mun gwada, mun ga ƙarshen sa. Masu gawayi da masu itace ba sa barin ko kututture. Abin da ya fi wannan muni, dajin da hukuma ta yi wa shinge a takarda sannan ta juya masa baya, ba ya zama fanko. Sambisa gandun namun daji ne a da. Kamuku ta Birnin Gwari gandun ƙasa ne. Kowa ya san su wa su ka mayar da su mafaka. Dajin da mutanen kirki su ka daina shiga, wasu ne za su shiga. Ta wannan fuskar, iyalin da su ka kwashi 'ya'yan su su ka tafi Yankari, su ka ga giwaye, su ka yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, sun taimaka wa dajin ko ba su sani ba. Kuɗin ƙofar su na taimakawa wajen riƙe wurin, idon su kuma shaida ne cewa wurin ya na da masu shi.

Ina matsaya ta ke nan? Ni dai a gani na, fita yawo don ganin ƙasa abu ne mai kyau, har ma mu na da buƙatar sa fiye da yadda mu ke zato. Amma kyan sa na rataye da sharaɗi. Na farko, kada jin daɗin baƙo ya zama sanadin korar ɗan gida. In za a killace wani yanki, a zauna da masu noma da kiwo da su a wurin tun kafin a buga turke, a bar masu hanyar ruwa da burtali, kuma aikin gadi da ja-gora da tuƙin kwalekwale ya zama nasu, tunda babu wanda ya kai su sanin wurin. Na biyu, shi mai yawon ya san matsayin sa. In ka haɗu da mata ɗauke da itace a kan dutsen da ka hau don motsa jini, ka gaishe su, ka kauce masu a hanya, kada ka ɗaga waya ka ɗauke su hoto kamar su ma kayan kallo ne. Kai ka zaɓi gajiyar ka, su ba su zaɓa ba.

A nan 'yan fim ɗin mu ma su na da rawar takawa. Shekara da shekaru su na kai mu Tiga da duwatsun Jos, amma galibi wurin ya kan tsaya ne a matsayin bangon rawa da waƙa. Jarumi da jaruma su zagaya bishiya, ba wanda ya san sunan ta. Ina ma wani marubuci zai ba mu labarin mai gadin daji da ƙanen sa mafarauci, ko na masuncin da a ka ce ya bar ruwan da uban sa ya bar masa. Rikicin da ke ciki ya isa fim guda, ba sai an ƙara gishiri ba.

Mu kuma nan, ba sai mun jira mota mai gado ba. Ga duwatsun Kazaure da na Roni kusa da mu, ga dam ɗin Kazaure, ga hanyar Gwiwa. Mutum nawa ne a cikin mu su ka taɓa tsayar da abin hawa su ka hau, in ba wucewa a guje ba? Na faɗa wa ɗan yayata cewa in an sha iska bayan kaka za mu je, shi da ƙannen sa, da goran ruwa da ɗan ƙuli-ƙuli. Na kuma roƙi Baba ya bi mu, ko da a gindin dutsen zai zauna, ya riƙa faɗa wa yaran sunayen itatuwa.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Zan je. Amma ku sani, a mota za ku kai ni."

Na ce masa, "Baba, ai ka riga ka biya naka tun tuni."

Allah ya kai mu lokacin da rai da lafiya.