WAYAR HANNU DA ƊALIBI MUSULMI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sunnarsa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku samarin Musulmi, musamman 'yan makaranta na Kwanar Dangora da Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, wannan nasiha ce a kan wayar da ke aljihunku.

Da farko a fahimce mu. Ba mu ce waya haram ce ba, don wanda ya haramta abin da Allah bai haramta ba ya yi wa shari'a ƙarya. Ai ta rediyo marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya riƙa karanta tafsiri daga Kaduna har mutumin ƙauye ya ji. Da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, kaset ne ya kai wa'azi inda ƙafar malami ba ta kai ba. Haka nan a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, gwamnatin Jihar Kano ta riƙa ba da darussa ta rediyo da talabijin. Tun 2015 kuwa da kwamfuta ake jarrabawar JAMB. Yaron da bai saba da na'ura ba, ko ya iya karatun, sai ya zauna gabanta hannu na rawa. Saboda haka koyon ta ya zama dole a kanku.

To, ina ɓarnar take? Tana wuri uku.

Na farko, lokaci. Ku sani, masu Facebook da TikTok da talla suke samun kuɗinsu. Gwargwadon daɗewarka a ciki, gwargwadon ribarsu. Shi ya sa bidiyo ɗaya na ƙarewa wani ke tasowa, ba ka ma nema ba. Sai yaro ya ce zai duba darasi, ya ɓige da kallo har ƙarfe biyun dare. Ladan ya kira Asuba yana sharar barci, a aji kuma gyangyaɗi. Uba ya sayar da buhun masara ko shinkafa ya sai maka waya don karatu, kai kuwa kuɗin data sun tafi ga musun ƙwallo, wani ma har cacar ƙwallo, alhali Allah ya haramta caca a cikin Suratul Ma'ida. Annabi (S.A.W.) ya ba mu labari cewa za a tambayi kowane bawa yadda ya ƙarar da rayuwarsa da ƙuruciyarsa. Me ka tanada?

Na biyu, satar amsa. Lokacin jarrabawar WAEC ko NECO sai ka ga an buɗe zaure a WhatsApp, a biya kuɗi, a turo amsa. Wasu ma ba sa ganin laifin abin, wai taimako ne. Wallahi ha'inci ne. Ku 'ya'yan manoma ne, kun san hukuncin mai zuba tsakuwa a gindin buhu. Manzon Allah ya taɓa sa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji laima a ƙasa, busasshe a sama, sai ya barranta daga mai algus. Takardar da ka samu ta sata, da ita za ka nemi aiki. Gobe kai ne malamin asibiti a garinku, ka ba ɗan maƙwabcinka maganin da ba ka san shi ba. Alhakin wa?

Na uku, ido da harshe. Allah ya umurci muminai maza da runtse ido a cikin Suratun Nur, kuma bai cire abin da ke cikin waya ba. A cikin Suratul Hujurat ya umurce mu da bincike in fasiƙi ya kawo labari, ya hana giba da izgili. Yau yaro ɗan aji uku na sakandare, bai gama Ahalari ba, yana zagin malamai a intanet, yana ba da fatawa daga guntun bidiyo na minti ɗaya. A 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa samari biyu hukuncin bulala da tara saboda ɓata sunan gwamna a TikTok. Wannan kotun duniya ke nan. Ina ga ranar da yatsu za su ba da shaida?

To, mene ne magani?

Ɗaya, ka yanka wa wayarka lokaci. Bayan Isha'i ka yi bitar darasinka, sa'an nan ka kashe ta, ka ajiye ta nesa da shimfiɗarka.

Biyu, kada waya ta raba ka da zama gaban malami. Bidiyo yana iya bayyana maka lissafi, ka maimaita shi sau goma, wannan alheri ne. Amma ba zai ji karatunka ya gyara maka ba, ba zai ga halinka ya tsawata maka ba. Ka lizimci aji da Islamiyya.

Uku, ka fita daga duk zauren satar amsa da na batsa yau, kada ka ce sai gobe. Faɗuwa da gaskiya ana iya sake zama a ci, abin da aka gina a kan haram kuwa ba albarka.

Huɗu, in kana da wayar da ke shiga intanet, abokinka ba shi da ita, ku zauna tare ku gwada tambayoyin JAMB na baya. Wannan sadaka ce.

Ku kuma iyaye da ƙasidar nan za ta faɗa hannunku, kiwo aka ba ku. Wanda ya sai wa ɗansa waya bai taɓa tambayar abin da yake yi da ita ba, ya saki akuya cikin gonar dawa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare idanunmu da harsunanmu, ya shiryi zuriyarmu a kan Alƙur'ani da Sunna. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.