Ajali Na Allah Ne, Gwiwa Kuwa Amana Ce

Duk wanda ya taɓa ba magidanci shawarar ya riƙa tattaki da safe ya san amsar da zai samu: "Kai dai bari, in kwana ya ƙare, gudu ba ya ƙara ko minti ɗaya." Gaskiya ne, ba ni da ja. Sai dai ba tsawon kwana ake magana ba. Ana maganar halin da mutum zai cika kwanakin a ciki ne.

A dubi kujerun roba da ke ta ƙaruwa a gefen sahu a masallatanmu. Wasu tsufa ne ko jinya ta zaunar da su, shari'a kuma ta yi musu rangwame. Amma akwai ɗan shekara 50 da gwiwarsa ta ƙi sujada don kawai daga mota sai ofis, daga ofis sai majalisa. Kakanninmu fartanya, taɓarya, guga da hanyar kasuwa sun ishe su motsa jiki. Mu kuwa injin niƙa da adaidaita sahu sun ɗauke mana wahala, muka samu hutun da ke buɗe wa hawan jini da ciwon suga ƙofa.

Ga kuma kunya. Mutum ya fito da sassarfa, sai maƙwabci ya leƙo: "Alhaji, lafiya? Me ya koro ka?" Mun ɗauki tumbi shaidar samu, gumi kuwa zubar da girma. Alhali ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi, bayan wani lokaci suka sake, ya wuce ta. Girman wa ya kai nasa? Haka da Salmanul Farisi ya hana Abu Darda'i gallaza wa kansa da ibada, yana tuna masa haƙƙin kansa da na iyalinsa, Annabi ya gaskata Salmanu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mai cewa ba ya jin sha'awar motsa jiki. Shi ne fa yake tashi Asuba cikin hunturu, ya yi alwala da ruwan randa, ya kuma kai azumi cikin zafin bazara. Yaushe ya jira sha'awa? Sha'awa baƙuwa ce, ta kwana biyu ta tafi. Abin da ke riƙe shi niyya ce, da lokacin da ba a ɗagawa, da jama'ar da za su tambaya in ba su gan shi ba.

Waɗannan ukun jiki ma yake bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa a kwana biyar. In an sallame Asuba, a koma gida ta doguwar hanya, tare da abokin sahu. Uwargida ta tafi Islamiyya a ƙafa da maƙwabciyarta. Mai tara kuɗin Hajji ya tuna cewa sa'ayi kaɗai ya kai kilomita 3, ban da ɗawafi da jifa. Guzurin ƙafa ma tara shi ake yi.

Malamai suna tuna mana cewa za a tambayi bawa a me ya ƙarar da jikinsa. Ni dai ba na son amsata ta zama "a zaune".