Biro Ɗaya a Kan Littafin Bashi

Kawuna yana da shagon tireda a bakin hanya a ƙasar Ungogo, inda gonakin gero da dawa suke manne da katangun gidaje. Daga Kasuwar Singa yake saro kaya. Da damina yawancin cinikinsa bashi ne, domin kuɗin mutane suna cikin ƙasa, sai kaka ta yi ake biya. Shi ya sa littafin bashi ya fi buhun sukari daraja a shagon.

Wata Juma'a, an sauko daga masallaci, shago ya cika maƙil. Wata dattijuwa maƙwabciyarsu ta kawo naira 1,000 ta rage abin da ake bin ta. Babban ɗan kawu ya buɗe shafinta, ya ga 3,000, ya lissafa a ransa saura 2,000. Ya laluba aljihu babu biro, sai ya leƙa wajen mai shayi aro. Kafin ya dawo, jikarta ta zo karɓar sabulu da gishiri na 500. Ƙanensa ya ba ta, ya duba shafin, ya soke 3,000 ya rubuta 3,500 da nasa biron. Yayan ya dawo ana ta kiransa ta kowane ɓangare, ya soke lambar ƙarshe ba tare da ya sake karantawa ba, ya rubuta 2,000.

Da dare kawu ya ga lissafi bai haɗu ba.

"Kai, wa ya ba da sabulun nan?"

"Ni ne, Baba, kuma na rubuta."

"Ni ma abin da na gani na cire, Baba, wallahi ban ƙara ban rage ba."

Duka biyun gaskiya suka faɗa. Babu wanda ya yi sata, babu wanda ya kasa lissafi, amma 500 ta ɓace a ɗan tsakanin da ke raba dubawa da rubutawa. Da yayan ya dawo da minti ɗaya da wuri, ko jikar ta makara kaɗan, da komai ya tafi daidai.

Masu rubuta manhajar kwamfuta sun san wannan cuta, kuma suna tsoronta fiye da yawancin kurakurai. Sunan da ya dace da ita a Hausa shi ne rige-rige: ayyuka biyu suna taɓa abu ɗaya, sakamakon kuma ya danganta da wanda ya riga wani. Wahalarta ita ce ba ta bayyana idan an tsaya ana kallo. A gwada sau dubu lafiya lau, a na dubu da ɗaya ta yi ɓarna.

A cikin kowace waya mai Android, irin su Tecno da Infinix da ke hannun matasanmu, akwai wata manhaja a can ƙasa da ake kira kanel, ta Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki ta ƙasar Finland a 1991. Ita ce mai shagon. Ita ke riƙe da ma'adanar wayar, wadda ta yanka shafi-shafi, kowane shafi yawanci bayit 4,096, kuma ita ke cewa wannan manhaja ta karanta nan, waccan ta rubuta can. Tana da wata dabara ta tsimi. Idan manhajoji goma suna son karanta abu ɗaya, ba ta kwafar musu goma, sai ta bar su su kalli na asali. Sai wanda ya ce zai yi rubutu ake kwafar masa nasa shi kaɗai. Haka kawu yake yi: kowa na iya duba shafinsa a littafi, amma mai son yin nasa lissafi sai a kwafar masa a jikin kwali, a ɗora masa, ya yi ta zane-zanensa a kai.

A watan Oktoba na 2016 wani mai suna Phil Oester ya gano an kutsa cikin wata sabarsa, wato kwamfutar da yake kula da ita a intanet. Da yake yana ajiye duk saƙonnin da ke shiga na'urar, sai ya tsamo makamin da aka yi amfani da shi. Ramin da aka bi ya samu lamba CVE-2016-5195, aka kuma yi masa laƙabi da Dirty COW, inda COW ya fito daga haruffan farko na sunan waccan dabara ta kwafi a Turance. Ga yadda yake. Ɓarawo ya tayar da ayyuka biyu. Na farko yana ta cewa zai rubuta a wani shafi da ba shi da iko a kansa, kanel ta kwafar masa, sannan ta sassauta bincike tunda a ganinta a kwali zai yi rubutun. Na biyu kuma yana ta cewa a jefar da kwalin, ba a bukatarsa. Suna ta maimaitawa babu ƙaƙƙautawa, har a dace da ƙiftawar da aka zare kwalin bayan an ba da izini amma biro bai sauka ba. Sai biro ya sauka a littafin asali. Wanda ya iya rubutu a littafin asali kuwa yana iya rubuta kansa a matsayin mai gida, ya mallake na'urar baki ɗaya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne bayanin da Torvalds ya rubuta a kan gyaran. Ya amsa da bakinsa cewa tsohon kuskure ne, ya taɓa yunƙurin toshe shi shekara 11 baya, a 2005, gyaran bai yi kyau ba, aka warware shi saboda ya jawo matsala a manyan kwamfutocin IBM samfurin s390. An kiyasta ƙofar ta kasance a buɗe aƙalla tun fitowar Linux 2.6.22 a 2007. Shekara tara, dubban ƙwararru suna karanta rubutun, kowane layi idan aka dube shi shi kaɗai daidai yake, kamar maganar 'ya'yan kawu. Ina ganin mutuncin mutumin da ya iya rubuta laifinsa a wurin da duniya za ta karanta.

Kawu ya yi nasa gyaran washegari. Ya tattara duk biron da ke shagon, ya bar ɗaya tak, ya ɗaure shi da zare a jikin littafin. Wanda ya riƙe biron shi zai duba, shi zai rubuta, ba ya saki sai ya gama. Injiniyoyi makulli suke kiran wannan, kuma yana aiki, sai dai yana da farashi: ranar Juma'a mutane kan tsaya jiran biro. Kanel da ke juya shafuka ba adadi a daƙiƙa ɗaya ba za ta iya kulle kowane motsi ba, waya za ta yi nauyi. Gyaran Torvalds, layuka kaɗan ne, ya bi ta hanyar sake dubawa. Kanel ta daina sassauta bincike, sai ta ajiye alama cewa an yi kwafi, kuma kafin ta bar biro ya sauka sai ta tabbatar shafin da ke gabanta yana ɗauke da tambarin an taɓa shi da rubutu, wato kwalin ne. Abin da ya kamata yayan ya yi ke nan da ya dawo daga wajen mai shayi. Ko da haka ba a gama ba, don a Nuwamba 2017 an sake gano ɗan'uwan ramin a ɓangaren manyan shafuka, aka sake yin gyara.

Gyaran kawu ya kama aiki nan take domin littafi ɗaya ne. Na Linux kuwa, kafin ya kai waya, sai ya bi ta Google, wanda ya saka shi a sabuntawar tsaro ta Android a ƙarshen 2016, sannan ya bi ta kamfanin da ya ƙera kowace waya, idan har yana kula da samfurin. A Satumba 2017 kamfanin Trend Micro ya ba da rahoton wata muguwar manhaja, ZNIU, da aka ɓoye a cikin manhajojin Android fiye da 1,200, tana bin ramin nan a wayoyin da gyara bai kai musu ba.

Kusa da shagon kawu akwai rumfar mai cajin waya. Da yamma allonsa kan cika da wayoyi, wasu sabbi, wasu sun wuce hannu uku ko huɗu kafin su zo ƙauye, kuma da su ake tura kuɗin taki da na asibiti. A cikin saitin yawancin masu Android, wajen bayanin waya, akwai kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe da ta samu. Na roƙi mai cajin ya riƙa nuna wa masu tsofaffin wayoyi wurin, ya kuma gaya musu su guji sauke manhaja daga inda ba su sani ba.

Ita kuwa dattijuwar, kawu ya taka har gida ya yi mata bayani.

"Inna, kuskuren namu ne, saura 2,500 ne."

Ta ce ta sani, ai ita ta aiki yarinyar. Da kaka ta biya da kwanon gero.