Sauya Ɗariƙa: Yana Kusantar da Muridi ko Nesanta Shi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da ake yawan tattaunawa a zaurukan karatu na Guri da sauran garuruwan ƙasar Haɗeja. Mutum ya shekara goma yana wuridin Ƙadiriyya bai ji zuciyarsa ta buɗe ba, sai ya ce zai koma Tijjaniyya, ko kuwa Batijjane ya gaji da lazimi da wazifa ya nufi wani wurin. Shin wannan ƙaura tana gaggauta masa samun ma'arifa, ko kuwa baya take mayar da shi?

Masu ganin amfaninta suna kafa hujja da Shehu Ahmadu Tijjani. An haife shi a Ainu Madi a 1737, ya karɓi Ƙadiriyya da Nasiriyya, sannan ya karɓi Halwatiyya a hannun Shehu Mahmudul Kurdi a Masar, kafin ya kafa tasa ɗariƙar. Masu ganin tsayawa wuri ɗaya kuwa suna nuna Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya riƙe Ƙadiriyya har wafatinsa a Sakkwato a 1817. Dukkansu biyu sun kai inda suka kai, saboda haka asirin ba a sauyawa ko rashinta yake ba. Shehu Tijjani bai bar wani malami don ƙosawa ba. Ilmi da halwa da gaskiyar nema ne suka tafi da shi.

Manomin fadamar Guri ya san wannan karatu. Irin shinkafa idan aka cire shi aka dasa sau ɗaya a ƙasa mai kyau, yakan yi yabanya. Amma wanda ke tumɓuke shi kowane mako don ya duba saiwa, ba zai kai buhu gida ba. Haka nan idan ciyawar kacala ta toshe mashigar ruwa, ba laifin kogin Haɗeja ba ne. Sharar hanya ake yi. Kacalar zuciya ita ce hassada da riya da cin haram da sakaci da salla. Wanda ya ɗauke su ya kai wata zawiya, da su zai zauna a can.

Sauyawa tana wajaba idan shehun mutum ya saɓa wa Shari'a a fili, ko ya mai da almajirai hanyar cin abinci. Tana cutarwa idan dalilinta gajen haƙuri ne, ko neman suna, ko bin inda masu kuɗi suka taru. Kuma ya kamata a sani cewa Tijjaniyya ta sharɗanta barin wuridin sauran ɗariƙu, saboda haka kada a shiga da wasa.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Wanda ya zauna ya dage, wanda ya tashi kuwa ya kame bakinsa daga zagin malaminsa na farko, domin da yawa zumunci ya yanke a kan haka.

Allah Ya shiryar da Musulmi baki ɗaya, amin.